Dasashina ya janye, shin sai an yi tiyata?

'Yar'uwa, kin ce dasashinki ya ja baya har saiwar haƙori ta fito, ruwan sanyi yana sa miki tsami, kina tambaya ko zai dawo da kansa. Gaskiya ba ya dawowa. Amma ba kowa ne ke buƙatar tiyata ba. In janyewar kaɗan ce kuma ta tsaya, man goge baki na rage tsami da buroshi mai laushi kan wadatar.

In ta kama a yi, aikin da aka fi yi shi ne dashe. Likita zai yi miki allurar kashe zafi, ya yanko ɗan siririn nama daga ganɗarki, ya shimfiɗa kan saiwar, ya janyo dasashin ya rufe, ya ɗinke. Wani lokaci dasashin da ke gefe kawai ake janyowa. Ganɗar ce ma ta fi damun mutane da zafi, amma cikin mako 1 zuwa 2 abin yakan lafa.

Abin da nake so ki riƙe shi ne maganar ƙashi. In ƙashin da ke tsakanin haƙora bai zaizaye ba, ana iya rufe saiwar gaba ɗaya. In ciwon dasashi ya riga ya cinye shi, sai dai a rufe wani sashe. Shi ya sa ake fara wanke dattin da ya daskare a magance kumburi tukuna. Shan taba da ciwon suga da ba a kula da shi suna iya hana dashen kamawa. Don Allah ki je likitan haƙori ya auna miki tun ƙashin yana nan.