Ina Wariya Ta Shigo Cikin Lissafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma ina yawan jin ana kiran a buɗe ƙofar wannan fanni ga mata da baƙar fata da masu buƙata ta musamman da 'yan ƙasashe matalauta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, biyu a tara da biyu huɗu ne ko wane ne ya lissafa, to ta ina wariya ta shigo? Ina kuma tsoron kada a sassauta ma'auni don a faranta wa wasu rai.

Daga wani malamin lissafi

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Rabin maganarka gaskiya ce da ba mai ja da ita, domin hujjar lissafi idan ta tsaya ta tsaya, idan kuwa da ɓaraka a cikinta babu jinsi ko launin fata da zai ɗinke ta. Sai dai kafin mutum ya kai ga rubuta hujjar, dole ne wani ya koyar da shi, wani ya rubuta masa takardar shaida, wani kwamiti ya ɗauke shi aiki, kuma duk waɗannan 'yan Adam ne masu son zuciya kamar kowa. A nan gizo yake saƙa.

Dubi labarin Emmy Noether, masaniyar lissafi 'yar Jamus. A shekarar 1915 David Hilbert da Felix Klein, manyan masanan zamaninsu, suka gayyace ta jami'ar Gottingen da ke Jamus, amma wasu farfesoshi suka ƙi yarda a ba mace izinin koyarwa. Saboda haka sai a sanar da darasi da sunan Hilbert, a ambace ta a matsayin mai taimaka masa, alhali idan ɗalibai suka shiga aji ita za su tarar a gaban allo, kuma babu albashi. A cikin wannan hali ta buga, a 1918, ƙa'idar da har yau masana fiziks ke dogaro da ita wajen fahimtar dalilin da ya sa makamashi ba ya ɓacewa. Sai a 1919 ta samu izinin, sannan a 1933 gwamnatin Nazi ta kore ta saboda Bayahudiya ce. Babu wanda ya ce lissafinta da kuskure, Malam. Ita ce dai ba a so.

Haka David Blackwell, baƙar fatar Amurka, ya nemi aiki a jami'ar Berkeley a 1942 aka hana shi saboda launinsa, sai a 1954 wannan jami'ar ta dawo ta ɗauke shi, bayan sunansa ya riga ya shiga littattafan ilimin ƙididdiga. Ramanujan kuwa akawu ne a tashar jiragen ruwa ta Madras a Indiya lokacin da wasiƙarsa ta 1913 ta faɗa hannun Hardy, wani babban masanin lissafi a Ingila, wanda ya gane baiwarsa. Wasu masanan da ya rubuta wa kafin nan ba su kula shi ba. Na kan tambayi kaina nawa ne irinsa da wasiƙarsu ba ta samu mai karantawa ba.

Kada a ɗauka duk tsohon labari ne. An fara ba da lambar yabo ta Fields, babbar lambar girmamawa a fannin lissafi, a 1936, amma sai a 2014 mace ta fara samunta, wato Maryam Mirzakhani 'yar Iran, ta biyu kuma Maryna Viazovska 'yar Yukiren a 2022, cikin mutum 64 da aka karrama zuwa waccan shekarar. Sharaɗin lambar shi ne kada mutum ya kai shekara 40, kuma a ganina wannan ya fi yi wa mata nauyi, tunda shekarun nan su ne na haihuwa da reno.

Game da tsoronka, gyaran da ya yi amfani bai taɓa ma'auni ba. Tsarin rubutun lissafi na makafi da Abraham Nemeth ya fitar a 1952 bai rage wa lissafi wahala ko kaɗan ba, ya dai sa makaho ya iya karanta shi da yatsunsa. Cibiyar koyar da ilimin lissafi ta AIMS da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003 tana ɗaukar nauyin haziƙan ɗaliban nahiyar, sannan ta gasa su da karatu. Inda nake tare da kai shi ne gyaran ganin ido, inda za a ɗauko mace ɗaya tilo da ke sashe a cusa ta cikin kowane kwamiti har ta rasa lokacin bincikenta, daga baya kuma a ce ba ta da ƙwazo.

A naka ajin, ina ba ka shawarar ka ɗauki mako guda kana rubuta sunan duk wanda ka kira ya fito allo, da wanda ka jira ya gama tunani, da wanda ka katse ka ba shi amsa, sannan ka aiko mana da abin da ka gani.