Wanzaman teku ba likitoci ba ne: amsoshin masu kiwon kifin ruwan gishiri

Tambaya daga wani ɗan'uwa a Abuja: "Assalamu alaikum. Ina da tankin gilashi na ruwan gishiri mai cin lita 200, da kifaye biyar a ciki. Yau kwana huɗu ina ganin fararen ɗigo-ɗigo a jikin biyu daga cikinsu, kamar an barbaɗa musu gishiri, suna ta goga jiki da duwatsu. Mai shago ya ce in sayi ɗan kifin nan mai share jikin kifaye, zai cinye su. In saya?"

Wa'alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Alamun da ka faɗa na cutar farin ɗigo ne, wadda wata ƙwayar cuta mai suna Cryptocaryon irritans ke haddasawa. Ƙwayar ba a saman fata take zama ba, kutsawa take yi ƙarƙashinta, don haka bakin mai sharewa ba ya kai mata. Takan yi kwana 3 zuwa 7 tana ci daga jikin kifi, sai ta faɗo ƙasan tanki, ta lulluɓe kanta da ɓawo, ta yi ta rarrabuwa har ta fito da 'ya'ya ɗaruruwa. A nan mutane da yawa ke ruɗuwa. Mutum ya sa kifi mai sharewa, bayan kwana uku ɗigon ya ɓace, ya ɗauka magani ya ci. Alhali lokacin faɗowarta ne ya yi. Kafin mako biyu ko uku sai ta dawo, har ta fi da yawa.

Kifin da aka ce ka saya shi ne Labroides dimidiatus, wanda ni nake kira wanzamin teku. Siriri ne, da baƙin layi daga baki har wutsiya, da shuɗi mai sheƙi. Ana samun sa daga Bahar Maliya har Tekun Fasifik, kuma yana da wurin zama guda inda manyan kifaye ke zuwa su buɗe baki ya shiga ya yi aikinsa. Alexandra Grutter, wadda ta daɗe tana nazarinsa a tsibirin Lizard na Ostareliya, ta gano cewa guda ɗaya kan duba kifaye sama da 2,000 a yini, ya ci ƙwari kusan 1,200. Yawancin ƙwarin nan masu shan jini ne da ke maƙale a waje kamar kaska, ba irin abin da ke damun kifayenka ba. To wanda ya saba da masu zuwa dubu biyu, me kifaye biyar za su ba shi? Wasu sukan koyi cin abincin da ake zuba musu, amma da yawa ramewa suke yi har su mutu.

Akwai kuma wani hali nasa da duk wanda ya san carki zai gane. Carki na cire wa saniya kaska, amma in ya samu miki sai ya zauna a kai yana shan jini. Shi ma wanzamin teku ya fi son yauƙin jikin kifi da ƙwarin. A teku, kifin da aka ciza sai ya gudu ko ya kore shi. A cikin gilashi ba wurin gudu, kuma yauƙin nan shi ne garkuwar kifi marar lafiya. Abin da ya fi taɓa ni kuwa shi ne, a wuraren da masu binciken suka kwashe wanzaman na tsawon shekaru, kifayen wurin sun ragu, wasu kuma ba su kai girmansu ba. Kowane ɗaya da aka kamo, an bar giɓi a inda yake.

Kuɗin nan ka sayi ƙaramin tanki na biyu da su. Kada ka sa masa yashi ko dutse, guntayen bututun roba sun isa wurin ɓuya. Ka kwashe kifayen duka biyar, har waɗanda ba su nuna alama ba, ka yi musu maganin jan ƙarfe na kifin teku kamar wata guda, kana auna yawansa a ruwa kullum da ma'auninsa, domin in ya yi kaɗan ba ya kashe cutar, in ya yi yawa ya kashe kifin. Babban tankin kuma ya zauna ba kifi ko ɗaya na kwana 76. An taɓa ganin ƙwayar ta yi kwana 72 cikin ɓawonta kafin ta fashe, shi ya sa masu kiwo suka tsayar da wannan adadi. Kada jan ƙarfe ya shiga babban tanki: duwatsu na tsotse shi, yana kuma kashe murjani da katantanwa da jatan lande. In kuwa ɗigon ya yi laushi kamar gari, kifin na haki, to wata cuta ce da ta fi wannan saurin kisa, sai ka fara maganin yau, kada ka bari sai gobe.

Tambaya daga wata Hajiya a Jidda: "Kifayena lafiyarsu lau, amma yara na son ganin masu sharewar nan. Wanne ya dace da tanki mai lita 120?"

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Tunda don sha'awa ne da ɗan taimako, ki nemi jatan landen da ake kira Lysmata amboinensis, mai jan baya da farin layi a tsakiya da dogayen fararen gashin baki. Tsawonsa santimita 5 zuwa 6. Ba ya dogara da jikin kifi, yana cin ragowar abinci, kuma in kin sa hannu cikin ruwa zai hau ya yi ta bincikar yatsunki, abin da yara ke so ƙwarai. Biyu sun fi, kuma ba sai kin tantance mace da namiji ba, kowanne yana ɗauke da duka biyun. Masu bincike a Jami'ar James Cook ta Ostareliya sun nuna cewa jatan lande irin waɗannan na cin ƙwai da ƙunshin wasu ƙwayoyin cuta da ke ƙasan tanki. Ragewa ce ke nan, ba ta ɗauke miki killace sabon kifi ba kafin ki haɗa shi da sauran. In akwai talibambam na teku ko wani babban kifi mai farauta a tankin, kada ki sa su, cinye su zai yi. Wata rana za ki ga ɓawonsa a kwance kamar ya mutu. Saɓa ya yi, yana ɓoye har sabon jikin ya yi ƙwari.

In kifi kike so, akwai ɗan gobi mai shuɗin layi, Elacatinus oceanops, ɗan asalin tekun Fulorida, santimita 5 kacal. Ana hayayyafar da shi a gidajen kiwo, don haka ki tambayi na kiwo. Yana cin abincin gwangwani ba gardama, sai dai shekara ɗaya zuwa biyu yake yi a duniya.

Tambaya daga Kano: "Na sayi jatan lande biyu da bazara, ba su yi mako ba suka mutu. Me ya jawo?"

Ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Jatan lande ba ya jure sauyin ruwa farat ɗaya kamar kifi. Ranar da ka kawo shi, ka riƙa ɗiga ruwan tankinka cikin ledarsa kaɗan-kaɗan na kamar awa guda kafin ka sake shi. Sannan zafi: ruwan ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 24 da 26, kuma bazarar Kano ba ta barin haka sai da sanyin ɗaki ko fanka a saman ruwa. In an ɗauke wuta famfo ya tsaya, iskar cikin ruwa mai ɗumi saurin ƙarewa take yi, don haka inbata ko ɗan famfon iska mai batir ya zo kafin kowace dabba. Ruwan da ya ƙafe kuwa ka cika shi da tataccen ruwa marar gishiri, domin gishirin bai tafi ko'ina ba. Gwargwadonsa kamar giram 35 ne a lita. Ka kuma tuna ko an taɓa zuba maganin jan ƙarfe a tankin. In an taɓa, ka auna ruwan, kuma kada ka sake sayen jatan lande sai ka sauya duwatsu da yashin.