Tambayi Likita: Bandeji da Kumburin Gwiwa Bayan Tiyata

Likita, an yi wa mahaifiyata aikin sauya gwiwa a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, yau kwana 12. Ƙafar ta kumbura har idon sawu. Bandeji mai talewa zai sa kumburin ya sauka?
Wata 'yar'uwa daga Aboabo

Allah ya ba Hajiya lafiya. Kumburi bayan wannan aiki ba abin tayar da hankali ba ne, yakan kai wata uku zuwa shida kafin ya sauka sarai. Bandeji na ɗan taimakawa, amma ni ban ɗora masa nauyin da mutane ke ɗora masa ba. Ɗaga ƙafa ya fi shi aiki: ta kwanta, a jera matasai ƙarƙashin sharaɓa da diddige har ƙafar ta fi ƙirji tudu. Kada a cusa matashi ƙarƙashin gwiwar kanta, don sai ta saba da lanƙwasa, miƙewa ya gagara. A ɗora wa gwiwar ƙanƙara a cikin tawul, minti 15 zuwa 20.

In likitanta ya yarda da bandejin, a faro naɗi daga tushen yatsu a hauro har saman gwiwa, kowane zagaye ya rufe rabin na baya. Mutanenmu kan ɗaure gwiwar kaɗai, sai ruwan ya taru a ƙasa. Yatsu suka yi sanyi, ko suka sauya launi, ko ta daina jin su, a kwance nan take.

Ina da ciwon sukari, zan iya ɗaurawa?
Alhaji daga Asawase

Alhaji, kada ka ɗaura sai an duba gudun jini a ƙafarka. Sukari kan kashe ji a ƙafa, bandeji ya ci fata ba ka sani ba.

Sharaɓar yayana ta yi tauri, ga zafi ga ciwo. Muna gasa masa da ruwan zafi, muna murzawa da man kaɗanya. Mu ƙara matse bandejin?
Wani ɗan'uwa daga Sabon Zango

A'a! Ku daina murzawar. Wannan na iya zama gudan jini a jijiya, kuma yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Ku kai shi asibiti yau, ba gobe ba. In numfashinsa ya fara sarƙewa ko ƙirji ya kama ciwo, kada ku tsaya jiran trotro, wato motar haya, ku kira lambar gaggawa 112.