Kafin ka zuba jari a na'urorin gem, duba wa ke riƙe da yankinka

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da wayoyi da kayan lantarki, yanzu kuma ina so in ƙara da na'urorin gem. Wani ɗan sari ya yi mini tayin Xbox Series S masu yawa da rangwame mai tsoka. Ya ce tunda Microsoft, mai Xbox, ya sayi kamfanin da ke yin wasan Call of Duty, nan gaba kowa Xbox zai koma. Wani kuma ya ce zai kawo mini Switch 2 na Nintendo daga Japan da araha. Jarina ba zai ɗauki duka ba. Wane kamfani ne zai ci kasuwa, don in bi shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a cikin nema. Ka yi dabara da ka tambaya kafin kuɗi su bar hannunka.

Bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, domin a nan matsalar take. Sony da Microsoft da Nintendo ba su da kasuwa guda ɗaya da wani zai cinye. Yanki-yanki suke fafatawa, kuma wanda ke sarauta a wata nahiya sai ka same shi yana neman gindin zama a wata. Kai ba a duniya duka za ka sayar ba, a inda kake za ka sayar. Saboda haka abin da ya dame ka shi ne wa ke riƙe da mutanen da za su shigo wurinka.

Dubi Japan. Xbox ya shiga can tun 2002, yau fiye da shekara ashirin ke nan, da duk dukiyar Microsoft, amma bai taɓa kama ƙasa ba. Nintendo ne mai gida. Ko Sony, wanda shi ma ɗan ƙasar ne, PlayStation 5 (PS5) ɗinsa a bayan Switch na Nintendo yake a can, domin Japanawa sun fi son abin da za su riƙe a hannu su yi wasa a cikin jirgin ƙasa. A Amurka kuwa, Xbox 360 da ya fito a 2005 ya yi shekaru yana gaban PS3. Ka tsallaka Turai, labari ya sake juyawa. PS3 bai isa can ba sai watan Maris na 2007, fiye da shekara guda bayan abokin hamayyarsa, ga shi da tsada, amma duk da haka yawancin ƙasashen nahiyar shi suka rungume. Da aka yi lissafin ƙarshe, PS3 ya kai kimanin miliyan 87 a duniya, Xbox 360 kuma kimanin miliyan 84. Wanda ya dubi waɗannan alƙaluma biyu zai ce kunnen doki aka yi. To amma ɗan kasuwar da ya cika rumbunsa da Xbox 360 a Tokyo, da wanda ya cika nasa da shi a New York, ba labari ɗaya za su ba ka ba.

Abin ba sabo ba ne. Mega Drive na Sega ya sha kaye a gida Japan, ya yi kankankan da Nintendo a Amurka. A Brazil kuma, inda harajin shigo da kaya ke da nauyi, kamfanin Tectoy ya riƙa ƙera na'urorin Sega a cikin ƙasar, har Master System ya ci gaba da samun masu saye shekaru da dama bayan sauran duniya ta manta da shi. Ita ma ƙasar Sin ta hana sayar da irin waɗannan na'urori a 2000, ba ta fara sassautawa ba sai 2014. A tsakanin nan matasanta suka saba da wasa a kwamfuta da waya, kuma har yanzu ba su dawo sosai ba.

Me ke sa yanki ya manne wa kamfani ɗaya? Mutum ba ya sayen na'urar gem shi kaɗai. Abin da abokansa ke da shi yake saya, don su yi aron faifai, su haɗu su kara, in hannun gem ɗinsa ya lalace ya ari na maƙwabci. Ga wasannin da ya riga ya tara a asusunsa, waɗanda ba za su bi shi zuwa wani kamfani ba. Sony ya gane wannan da wuri, shi ya sa tun 1997 sunan PlayStation ke manne da gasar zakarun Turai. Duk inda ƙwallon ƙafa ya yi ƙarfi a zukatan matasa, wannan tallan ya yi aiki. In saurayi ya tsaya a gabanka, ba zai tambaye ka ribar da Microsoft ya ci a bara ba. Cewa zai yi: "Wannan, zan iya buga ƙwallo da abokaina a kanta?"

Yanzu maganar ɗan sarin nan naka. Gaskiya ne Microsoft ya sayi Activision Blizzard, mai yin Call of Duty, a kan dala biliyan 68.7, aka kammala cinikin a watan Oktoban 2023. Abin da bai gaya maka ba shi ne, hukumomin sa ido kan gasar kasuwanci a Amurka da Birtaniya da Tarayyar Turai sun matsa lamba ƙwarai, kuma a watan Yulin 2023 Microsoft ya sa hannu da Sony cewa Call of Duty zai ci gaba da fitowa a PlayStation har shekara goma. Ke nan mai PlayStation ba shi da dalilin canza sheƙa saboda wannan wasa. Bayan haka ma, daga 2024 Microsoft da kansa ya fara kai wasanninsa kan PS5, har Forza Horizon 5 ya bi sahu a 2025. Kamfanin da ke sayar da wasanninsa a na'urar abokin hamayya ya nuna maka inda hankalinsa yake: wasannin da kuɗin rajistar wata-wata na Game Pass, tsarin da ake biya a buga tarin wasanni, ko a kan wace na'ura ce. Tun 2015 ma ya daina bayyana adadin na'urorin da yake sayarwa. Don haka rangwamen nan mai tsoka, ka tambayi kanka ko kaya ne suka yi kwantai ake neman wanda za a sauke wa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci ga aljihunka, kuma ina so ka tsaya a kansa. Ribar wannan harka ba a cikin kwalin take ba. A 2022 Phil Spencer, shugaban sashen Xbox a lokacin, ya faɗa cewa suna faɗuwar dala 100 zuwa 200 a kan kowace na'ura, da fatan mai saye zai mayar musu ta hanyar wasanni da kayan haɗi. Kamfanonin nan suna ɗaukar kusan kashi 30 cikin 100 na kuɗin wasannin wasu da aka saya a shagunansu na intanet. To in wanda ya ƙera na'urar bai ci riba a kanta ba, nawa kake tsammanin zai bar maka? Kaɗan ne. Abincinka yana cikin abin da ke biyo bayan na'urar: hannun gem na biyu, faifai sabo da tsoho, musayar faifai, katin zuba kuɗi a asusu, gyara. Series S kuwa ba ta da wurin sa faifai sam. Mutum zai saya, ya tafi gida, ya haɗa da intanet, daga nan shi da Microsoft ne ke ciniki kai tsaye. Kai ba za ka sake ganinsa ba sai ran da maɓallin hannun gem ɗinsa ya maƙale. Ban ce na'urar ba ta da kyau ba. A dala 299 da ta fito a 2020, ita ce mafi sauƙin kuɗi a cikin sababbin na'urorin Sony da Microsoft, kuma inda intanet ke da ƙarfi, Game Pass kuma na aiki a hukumance, tana tafiya. Amma ba kowace ƙasa ke da wannan ba, sai ka bincika taka. Wannan lissafin ya shafi PS5 marar faifai ma.

Na Japan ɗin kuwa, nan ne nake jin tsoro a kanka ƙwarai. Switch 2 kaya ne mai gudu, ya fito ranar 5 ga Yuni, 2025, aka sayar da fiye da miliyan 3.5 cikin kwana huɗu. Sai dai a Japan iri biyu Nintendo ya fitar. Akwai wanda ya fito a kan yen 49,980, wanda harshen Japananci kaɗai yake ɗauka, kuma asusun da aka yi wa rajista a Japan kaɗai yake karɓa. Akwai mai harsuna da yawa da ya fito a kan yen 69,980. Da gangan aka yi haka: darajar yen ta faɗi, kamfanin yana so ya sauƙaƙa wa mutanen gida ba tare da 'yan kasuwa sun kwashe kayan zuwa waje ba. Sony ma ya yi makamancin haka da wani samfurin PS5 a ƙarshen 2025. Ka auna yadda za ta kasance: uba ya saya wa ɗansa, sun je gida sun buɗe kwali da murna, allo ya haska da rubutun da ba wanda ya iya karantawa, sun shiga saiti sun duba sama da ƙasa babu wani harshe. Washegari a wurinka za su kwana, kuma ba kuɗin kaɗai za ka mayar ba, har da amanar da suka ba ka. Kafin ka biya ko sisi, a buɗe guda ɗaya a gabanka, ka canza harshen da hannunka.

Wannan rarrabe farashi bisa yanki dabara ce da suka saba. A watan Agustan 2022 Sony ya ƙara kuɗin PS5 a Turai da Japan da wasu wurare, ya bar Amurka, inda Xbox ya fi numfashi a wuyansa. Shi ya sa kullum za ka ji an ce kaya sun fi araha a wata ƙasa. Amma garanti galibi a yankin da aka sayar yake aiki. Lokacin da Xbox 360 ya riƙa mutuwa da jan haske, Microsoft ya ware fiye da dala biliyan 1 a 2007 don gyara. In irin wannan ta faru da kayan da ka shigo da su ta bayan fage, kai ne garantin.

Yanki yakan canza hannu, amma galibi a mashigar sabon zamani. A 2013 Xbox One ya fito a dala 499, PS4 a dala 399, Sony ya ƙwace rinjayen da ya rasa a Amurka. Nintendo ya sayar da Wii fiye da miliyan 100, magajinsa Wii U bai kai miliyan 14 ba. PS3 a 2006, PS4 a 2013, PS5 a 2020: ka ga tazarar da kanka, ka kuma san cewa na'urorin Sony da Microsoft na yanzu sun ci rabin shekarunsu da ɗori. Lokacin tara kaya da yawa ya wuce.

Abin da zan ba ka shawara a kai ba ya cin kuɗi. Je wurin masu gyara, ka ga wace na'ura ce ta fi yawa a kan teburinsu. Leƙa wuraren da matasa ke biya su yi wasa, ka ga me aka jera. Duk wanda ya shigo sayen waya, tambaye shi me yake da shi a gida, wane faifai yake nema bai samu ba. Wanda ya fi fitowa a bakin mutane, shi za ka ɗauko, guda kaɗan, daga dillalin da ke da izinin kamfani, ka fifita mai wurin sa faifai. Kaso mai kyau na jarin ka bar shi ga hannayen gem da faifai da sauran kayan haɗi, su ne ke juyawa da sauri. Shi kuma mai Series S, in ya gaskata kayansa, ya ba ka biyu ko uku a kan sharaɗin in ba su fita ba ka mayar masa. In ya ƙi, ka bar masa kayansa.