Talaka ne kuma ba ma jin yaren juna: ta yaya zai yi gwajin sankarar hanji?

Tambaya: Likita, ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti. Yawancin masu zuwa wurinmu masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma da yawa ba ma jin yaren juna. Mun fassara takardun wayar da kai kan gwajin sankarar babban hanji mun raba, amma shiru kake ji. Me ya rage mu yi?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Malama. Fassarar da kuka yi ba ta faɗi ƙasa banza ba, sai dai takarda ba ta amsa tambaya, kuma wanda bai iya karatu a yaren asibiti ba, ba lallai ne ya iya a nasa ba. Mutum kuke buƙata mai jin yarensu, wanda zai riƙe su daga farkon gwajin har ƙarshe.

Ki fara da zaɓen gwaji. Wannan sankara yawanci daga ɗan tsiro take farawa a bangon hanji, wanda kan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ya rikiɗe, mai shi kuwa garau yake jin kansa. Shi ya sa ake gwada masu lafiya. A Amurka an sauko da shekarun farawa daga 50 zuwa 45 a 2021. Leƙa hanji da kyamara, wato kolonoskofi, sau ɗaya ne a shekara 10 idan ba a ga komai ba, amma yana cin yini guda na aiki, ga wankin ciki, ga neman ɗan rakiya idan za a ba da maganin barci. Mai aikin da sai ya fita zai ci ba zai amsa da sauri ba. Gwajin FIT kuwa, mai neman ɓoyayyen jini a bayan gida, a gida ake yinsa sau ɗaya a shekara, babu azumi, babu hana cin wani abu. Da shi zan fara. Kaiser Permanente ta Arewacin Kalifoniya, wata ƙungiyar asibitoci da inshorar lafiya a Amurka, ta riƙa aika wa mutane shi ta gidan waya, waɗanda suka yi gwaji suka tashi daga kusan kashi 39 cikin 100 a 2000 zuwa kusan 83 a 2015, mace-macen cutar suka ragu da kusan rabi.

Kada ki miƙa wa mutum kwalbar gwajin FIT ɗin kawai. Ki buɗe wata a gabansa, ki zaro ɗan tsinken da ke jikin murfin, ki nuna yadda ake shimfiɗa takarda don kada bayan gidan ya taɓa ruwa, a goga bakin tsinken a kan bayan gidan a mayar da shi cikin kwalbar a rufe. Sannan ki ce, ta bakin tafinta, "Baba, nuna mini yadda za ka yi in ka koma gida." Kada ki tambaye shi ko ya gane, don kai zai gyaɗa saboda kunya. Ki rubuta sunansa a kwalbar da hannunki, ki nuna masa inda zai sa kwanan wata, domin rashin suna ko kwanan wata kawai kan sa ɗakin gwaji ya ƙi karɓar kwalba. Umarni cikin zane ya fi dogon rubutu, saƙon murya a waya kuma ya fi na rubutu.

Batun tafinta, ra'ayina ba ya canzawa: kada a sa yaro. Babu uban da zai faɗa wa 'yarsa mai shekara 12 cewa yana ganin jini a bayan gida. Ko babban ɗan'uwa kan tace magana, ya ɓoye sunan cutar don tausayi. A nemi ƙwararre ko ta waya ce, in da hali mace ga mace, namiji ga namiji.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan sakamako. FIT ya nuna jini, an kira sau ɗaya a yaren da mutum ba ya ji, ya kashe waya, an rufe fayil. Alhali wannan sakamakon ba ya nufin sankara ce, mafi yawansu ba ita ba ce, amma dole a yi kolonoskofi, kuma maimaita FIT ba ya maye gurbinsa. Jinkirin da ya kai wata 9 ko 10 yana ƙara haɗarin a tarar cutar ta yi nisa. Don haka ku buɗe rajistar masu irin wannan sakamako, ku ɗora wa mutum ɗaya alhakinta: ya kira, ya sa rana, ya bayyana shan maganin wankin ciki dalla-dalla, ya binciki tallafin kuɗi da abin hawa. Dakta Harold Freeman ne ya fara irin wannan jagoranci a asibitin Harlem da ke birnin New York a 1990, saboda talakawa masu sankarar mama da ke zuwa a makare. Kuma kafin ku raba kwalba ko ɗaya, ku tabbatar akwai inda za ku tura wanda aka ga jini a nasa, kan kuɗin da zai iya.

Wanda ya riga ya zo da jini a fili, ko rama, ko ƙarancin jini, ko sauyin bayan gida da ya ƙi wucewa, kada a sallame shi da kwalba a ce sai baɗi, ko da ya rantse basir ne. A haɗa shi da likita a ranar. Haka wanda iyayensa ko 'yan'uwansa na jini suka yi cutar, shi gwajinsa kan fara da wuri.