Tsohon injin yanke ciyawar da aka bar maka a Lesta

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma ina taya ka murnar samun gurbin digiri na uku. Allah Ya sanya albarka, Ya kawo ku lafiya kai da iyali. Ka ce gidan da za ka kama a Lesta (birnin Leicester na Ingila) yana da ɗan fili mai ciyawa a baya, kuma ɗan'uwan da zai tashi daga gidan ya bar maka tsohon injin yanke ciyawa na fetur, ƙirar Mountfield, wanda ya daɗe a rumfa, yanzu ko an ja igiya ba ya tashi. Kana tambaya ko ka ware kuɗin gyara ko ka sayi sabo, har kana tunanin idan ya gyaru ka riƙa yanke wa maƙwabta ciyawa kana samun na cefane.

Kafin komai, tabbatar injin na wane ne. A nan idan za ka shiga gidan haya ana ba ka takardar lissafin kayan da ke ciki. In injin yana cikin lissafin, to na mai gida ne, sai ka rubuta masa tun ranar farko cewa a mace ka same shi, kada ranar tashi a ɗora maka. In kuwa na ɗan'uwan namu ne, sai mu ci gaba.

Yanke ciyawar dai ba makawa. Yawancin yarjejeniyoyin haya suna ɗora wa ɗan haya kula da filin, kuma ciyawar ƙasar nan ba ta hutawa daga Maris har Oktoba, musamman a Mayu da Yuni da take tashi kamar ana jan ta. Kuɗin ajiyar da za ka bayar, wanda dokar 2019 ta ƙayyade kada ya wuce hayar mako biyar a yawancin gidajen Ingila, daga cikinsa za a cire ladan mai gyaran fili idan ka bar wurin ya zama jeji. Saboda haka ka ɗauki hoton filin ranar da ka karɓi makulli.

Abin da nake so ya zauna maka shi ne lissafin gyara a nan ya sha bamban da wanda muka taso da shi. A gida sabon kaya ne mai tsada, hannun makanike kuma da sauƙi, shi ya sa ba ma yar da komai. A nan hannun mutum shi ne kaya mafi tsada. Mafi ƙarancin albashi ma ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025, balle mai shagon gyara da zai caje ka ninkin ba ninkin haka. Abin da na saba gani, duba injin fetur da canza masa mai da filogi da wasa wuƙa kawai yakan ci fam 60 zuwa 90, ban da kayan gyara, kuma a farkon bazara sai ka bi layi na makonni domin kowa a lokacin yake tunawa da nasa. Da wannan kuɗin, ko da ɗan ƙari kaɗan, za ka ɗauko sabon ƙaramin injin lantarki mai waya a shagunan Argos ko B&Q. Ga kuma abin da ba ka sa a lissafi ba: za ka sauka ba ka da mota. Da me za ka kai injin shago? Fetur ɗin ma ba za a bar ka ka hau bas da shi a galan ba.

Don haka shago ya fita daga zance. Abin da ya rage shi ne gyaran da za ka yi da hannunka, kuma a nan ina ganin injin ya cancanci ka ba shi Asabar guda da abin da bai wuce fam 25 ba.

Injin da aka ajiye ya ƙi tashi, galibi ba mutuwa ya yi ba, tsohon fetur ne ya toshe shi. Tun Satumbar 2021 fetur ɗin da aka fi sayarwa a gidajen mai na Birtaniya shi ne E10, mai ɗauke da sinadarin etanol har kashi 10 cikin ɗari. Etanol yana jan danshi, kuma idan man ya kwana watanni a tanki sai ya yi kauri ya bar wani danƙo a kafireta. Da ka buɗe murfin tankin za ka ji warinsa ya koma kamar na tsohon fenti. Ka fara cire hular filogi, wannan kada ka taɓa mantawa da shi duk lokacin da hannunka zai kusanci wuƙa. Ka tsiyaye man. A ƙarƙashin kafireta akwai ɗan kofin ƙarfe da ƙusa ɗaya ta riƙe. Ka kwance shi, za ka tarar da laka ruwan zuma ko kore-kore a gindinsa. Ka wanke da feshin wanke kafireta, ka bi ɗan ramin da mai ke bi da siririyar waya har sai ka hango haske ta ciki. Sabon filogi, a wanke soson tace iska ko a canza shi, a duba baƙin mai, sai sabon fetur. Idan da hali ka sayi E5, wanda ake sayarwa da sunan super; ya ɗan fi tsada amma ya fi jure ajiya. Wanda ya taɓa kwance kafiretar ƙaramin janareta Tiger ba abin da zai ba shi tsoro a nan, sai dai ka kiyaye: shi wannan ba a gauraya masa fetur da baƙin mai, kowanne da mazubinsa. In za ka karkata shi kuma, gefen soson iska ya kasance a sama, in ba haka ba baƙin mai ya malale cikinsa ka sha hayaƙi.

Ka duba kuma ƙarfen nan da ake matsewa a jikin mariƙi. Birki ne, muddin ba a matse shi ba injin ba zai tashi ba. Wayarsa takan ci tsatsa ta ƙage, ka ga mutum yana ta jan igiya har kafaɗa ta yi tsami alhali matsalar ta 'yan fam ce.

Akwai alamun da in ka gani, ka sallama. Ka leƙa ƙarƙashin ƙoƙon ƙarfen da ya rufe wuƙa, ka danna da sukundireba. Idan tsatsa ta cinye shi har ƙarfen yana ɓurmawa, musamman wajen da tayoyi ko injin suke ɗaure, ya gama aiki, domin wannan ƙoƙon ne ke tare dutse idan wuƙa ta harbo shi, kai kuma ga yara a gida. Idan ya tashi yana girgiza har hannunka yana sanyi, kuma ka canza wuƙa bai daina ba, to sandar da wuƙar ke ɗaure a kai ce ta lanƙwashe, watakila an taɓa dukan kututture da shi, gyaran kuwa ya fi ƙarfin kuɗin injin. Haka in yana ta tuttuɗo shuɗin hayaƙi ba ƙaƙƙautawa bayan ya yi zafi, ko igiyar tana zuwa sakwaf ba wata turjiya. Irin wannan sai ka sa hotonsa a Freecycle (shafin intanet na bayar da kaya kyauta) ko Facebook Marketplace ka rubuta kyauta ne, za ka sha mamakin yadda wani dattijo zai zo da mota ya ɗauke don kayan gyara. Ko kuwa masu tattara tsohon ƙarfe, su ma suna zagaya unguwanni a nan.

Ni dai ra'ayina, ko da ya tashi, ka fara auna filin. Gidajen jere na Lesta da ɗalibai ke iya biya, filin bayansu sau da yawa taku kaɗan ne. Injin fetur a irin wannan wuri wahala ce kawai: nauyi, ƙara, ajiyar mai kusa da yara. Ƙaramin Flymo ko Bosch mai waya ya ishe ka, ba mai ba filogi, ka rataye shi a bango in ka gama. Ka haɗa shi da ɗan soket ɗin kariya da ake kira RCD, mai yanke wuta nan take idan wuƙa ta datse waya, kuma kada ka yi yanka ciyawa tana jiƙe. Masu batir suna da daɗin aiki, amma batirin shi ne rabin kuɗin, na hannu kuwa ba ka san saura nawa ya rage masa ba. Sabo daga shago yana da wata fa'ida: dokar masu sayayya ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da kaya mai aibi a ba ka kuɗinka, abin da ba ka da shi idan a hannun wani ka saya.

Maganar yanke wa maƙwabta don kuɗi kuwa, ka cire ta daga ranka gaba ɗaya. Bizar ɗalibi ta yarda ka yi aiki har awa 20 a mako lokacin karatu, amma a ƙarƙashin wanda ya ɗauke ka aiki. Ta hana sana'ar kai, kuma yanke ciyawa a ba ka fam goma a hannu sana'ar kai ce a idon hukuma, wadda za ta iya jawo a soke maka biza. Idan aikin lambu kake so, ka nemi kamfanin da zai sa ka cikin ma'aikatansa yana biyanka da takardar albashi, ka kuma tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arku yadda ake lissafa hutun masu digiri na uku, domin ba ɗaya yake da na sauran ɗalibai ba. A gaida mutanen gida.