Ku Tambayi Anti: Masu Bashin Waya Sun Tura Hotona Har Wurin Surukata

Wasiƙun makon nan kusan duk kukan bashi ne, don haka na ajiye tambayoyin injin markaɗe da batirin sola sai mako mai zuwa.

Anti, ni malamar firamare ce a Zariya. Ɗana ya kwanta asibiti, na ci bashin naira 20,000 a wata manhajar waya. Naira 14,000 suka turo, suka ce in biya 20,000 cikin kwana 7. Na makara da kwana uku, sai suka tura hotona ga duk lambobin wayata, har surukata da hedimasta, an rubuta “ɓarauniya” a ƙasa. Yanzu sun ce 'yan sanda na tafe. Ko barci ba na iya yi.

'Yata, share hawayenki. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma uwar da ta ci shi don jinyar ɗanta ba ta yi abin kunya ba. Babu ɗan sandan da zai zo. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Masu kiran naki yara ne da aka jera a ɗaki da wayoyi, aikinsu su firgita ki.

Su ne ma suka taka doka. Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin kowane ɗan ƙasa, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta hana a yi amfani da bayanan mutum ta hanyar da bai amince ba. Ko kin danna musu izinin shiga wayarki, surukarki ba ta ba kowa izinin ɗaukar lambarta ba. An taɓa hukunta irinsu: a 2021 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 a kan irin wannan tonon silili, a watan Maris na 2022 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu daga cikinsu a Legas.

Kada ki goge saƙo ko ɗaya. Ki ɗauki hoton kowanne da lambar da ta turo shi da ranar, ki roƙi mutum biyu ko uku cikin waɗanda aka tura wa su ajiye nasu. Ki shiga saitin waya ki cire wa manhajar izinin ganin lambobi da hotuna. Sai ki kai ƙara FCCPC da hukumar kare bayanai, NDPC. Duka biyun suna karɓar ƙorafi ta intanet. Surukarki kuwa ki je da ƙafarki ki faɗa mata gaskiya, ta ji daga bakinki. Kuɗin da kike ganin haƙƙinsu ne ki biya ta banki, ki riƙe shaidar biya, kada ki tura wa asusun wani mutum da ya kira ki ya ce shi wakilinsu ne. Abu ɗaya na hana ki: cin sabon bashi a wata manhajar don toshe wannan.

Anti, na ci bashi a manhajoji huɗu, na sayi sabuwar waya da shaddar bikin abokina. In na karya layina na jefar, shi ke nan ko?

Shi ke nan a ina? Kai da hannunka ka ba su lambar BVN ɗinka, ita kuwa ba a karya ta. Akwai kamfanonin da doka ta yarda su tara tarihin bashin mutane, irin su CRC da FirstCentral, kuma masu ba da bashi da ke da rajista suna miƙa musu sunan wanda ya gudu. Ranar da ka je neman jari na gaskiya a banki, a nan za ka tarar da shaddarka tana jiranka. In bashin na banki ne, tun Agustan 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba da damar a zare kuɗin daga sauran asusunka, matuƙar ka sa hannu a kan hakan lokacin karɓa. Kuma ai lambobin iyayenka da na budurwarka suna hannunsu. Ka jefar da layi, su ne za su sha zagin.

Bari in tsaya a nan in yi faɗa, don abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ku dubi lissafin malamar can: an ba ta 14,000, ta mayar da 20,000 bayan mako guda. Naira 6,000 ke nan a kan 14,000, sama da kashi 40 cikin ɗari a kwana bakwai. Wace sana'a ce a Kantin Kwari ko Singa take kawo wannan riba a mako? Ita lalura ce ta kai ta. Kai fa? Anko. Na san wata a unguwarmu da ta ci irin wannan bashi don leshin ankon ƙawarta. An yi biki an watse, leshin na cikin akwati an sa shi sau ɗaya, ita kuwa ta sayar da 'yan kunnenta da keken ɗinkinta kafin kiran ya tsaya. Da can mutum sai ya sa takalmi ya je gaban wani ya sunkuyar da kai kafin a ranta masa, wannan kunyar tana sa a sake tunani. Yanzu kana kwance a katifa ƙarfe ɗayan dare, danna uku, kuɗi sun shigo. Ga maganar riba a addini, wadda kowa ya sani amma ake kawar da kai in an ga alat. Ina adashi? Ina ƙungiyar ma'aikata da ke ba da rance ba ruwa? Wanda ya ga dole sai ya ci, ya fara duba ko sunan kamfanin na cikin jerin waɗanda FCCPC ta yi wa rajista a shafinta. Kuma tun Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store a Nijeriya neman shiga lambobi da hotunan waya, saboda haka duk wadda aka turo maka ta WhatsApp aka ce ka sauke, tana neman waɗannan, guje ta. Kai dai mai bashin manhajoji huɗu, sayar da wayar, ka fara da bashin da ya fi saurin hauhawa.

Anti, kullum ana kirana wai ƙanin matata ya sa ni a matsayin wanda ya tsaya masa. Ban san lokacin da aka yi ba.

Ba ka tsaya wa kowa ba. Tsayawa sai da yardarka, ba a yin ta a bayan idonka. Ka rubuta musu saƙo ɗaya cewa ba ka amince ba, su goge lambarka, ka ajiye hotonsa, ka toshe su. Surukin naka kuma matarka ta ja masa kunne.

Hajiya, ɗana ya karɓi atamfa bashi a kasuwa, ciniki ya tsaya, ya ɓuya. Mai kayan ya kawo 'yan sanda suka tafi da ni, sai da na biya kuɗin beli.

Baba, sannu, an zalunce ka sau biyu. Sashe na 7 na Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015 da sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda sun hana a kama wani a madadin wani, beli kuma kyauta ne. Ka je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a na jiharku, lauyoyinsu ba sa karɓar kuɗi daga mai ƙaramin ƙarfi. Amma ka binciki yaron da kyau. In ya ba da cek ɗin da babu kuɗi a asusun, ko ya karɓi kayan da ƙarya, magana ta tashi daga bashi ta koma laifi, 'yan sanda na da hurumi a kansa. Ka fito da shi, ku je wurin shugabannin kasuwa, a rubuta nawa zai riƙa biya duk wata a gaban shaidu.

Anti, ina bin maƙwabcina naira 80,000 shekara guda. In ɗauke babur ɗinsa?

Ka ɗauka ka zama ɓarawo, shi ya zama mai ƙara. Mai unguwa tukuna, in ya ƙi sai kotu. Da shaidu ko takarda dai, ko?